Zanen da ke Wuyan Randar Goggo

Ku kife wayoyin nan a kan tabarma, ku juyo nan. Tun la'asar kuke musu a kan motoci biyu da kuka gani suna tsere a cikin gilashi, wannan ya ce fara, wancan ya ce baƙa, har shayi ya huce a gabanku. Ku kuma 'yan mata kuna dariyar faratana, kuna cewa ginin tukwane wasan laka ne, ko yarinyar da ba a yaye ba ta iya. To, bakina ɗaya ne, amsa ɗaya zan ba ku ku raba. Na ga tseren manyan motoci da idona, ba a gilashi ba, kuma a kan laka ya ƙare.

Randar farko da na gina, Goggo ta cika ta da ruwa da safe, ta ajiye a inuwa. Goggo yayar mijina ce, yayar kakanku, Allah ya jiƙan su duka. Sunanta Rabi, amma har liman Goggo yake ce mata. Ita ta koya mini sana'ar nan da aka kawo ni garin nan, lokacin hannuna bai san komai ba sai tuƙin tuwo da tsinkar kuɓewa a bakin kogi. Da azahar ta zo ta shafa jikin randar da bayan hannu, ta ji shi a bushe ƙamas. Ta ɗebo ruwan ta miƙo mini. Na kurɓa, ɗumi kamar yanzu aka sauke shi daga murhu. Ta ce, "Randar da ba ta gumi ba randa ba ce, rumbu ce. Kai wa kaji." Kaji suka yi ta ƙwai a cikin aikina na farko har ta fashe.

Gumin nan shi ne sana'ar. Randar nan tamu mai tsinin gindi, wadda Larabawa ke ce wa zir, ba ta sanyaya ruwa sai tana tsatsafo ta jiki, iska na bugun tsatsafon. Abin da ke ba ta ƙofofin gumi kuwa kashin jaki ne. Ku toshe hanci in kun ga dama, da shi aka shayar da ku. A tsinto shi busasshe, a daka, a tankaɗe, a zuba a yumɓu. In wuta ta ci shi sai ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani. In ya yi kaɗan, ki sha ruwan ɗumi. In ya yi yawa, ki kwana da randa cike ki tashi da tabki a ɗaki. Ba mudu, ba awo. Tafin ƙafa ke faɗa miki ya isa.

Yumɓun ma ba ko'ina ake samunsa ba. Baƙar ƙasar gonakinmu tana da kyau a ido, amma ita kaɗai tsagewa take yi kamar diddigen manomi. Sai kogi ya ja baya bayan damina muke sauka gaɓa da kwanduna, mu tone saman, mu kai ga wanda ke maƙale wa yatsa. A ɗauko a ka, a jiƙa, a zuba a kan tsohuwar fata, a hau da ƙafa. Ana takawa ana juyawa, ana takawa ana juyawa, har cinya ta fara rawa. Sannan a rufe da jiƙaƙƙen buhu a bar shi ya kwana. Goggo kan ce laka kamar baƙo ce, ba a tambayarta labari ranar da ta iso.

Kayan aikin duk suna cikin kwandon can, ba su kai nauyin wayoyinku uku ba. Dutse mai sulɓi da ake tokarewa ta ciki, ɗan katako da ake bugawa ta waje, sakaina ta kankare, tsumma, da tsakuwar kogi ta gogewa. Dutsen nan na Goggo ne, ita ma na uwarta ne, wadda ta taho da shi a ƙunshin zanenta tun daga yamma a kan hanyar hajji, hajjin da ba ta kai ba. Gindi ake fara bugawa, a bar shi ya sha iska ya iya ɗaukar nauyi, a ɗora ciki, a jira, a ɗora kafaɗa, a jira, wuya ne ƙarshe. Wadda ta yi gaggawa za ta ga randarta ta durƙusa a gabanta kamar raƙumi. Kuma ku riƙe wannan, don zai dawo: babbar randa ɗanya ba a ɗaga ta. Inda aka gina ta nan take zama har ta bushe, ko da gari zai kama da wuta.

Masu saye kuma kowa da halinsa. Matar birni a kasuwar Rusairis ta ƙwanƙwasa randa da zobe, ta kara kunne kamar mai jin gulma, ta ce ta ji tsaga, don a rage mata. Makiyaya ƙaramin tulu suke so wanda zai zauna a gefen jaki. Masu shayi na tasha sukan zo neman butar gahawa, su ce wuyan ya yi tsawo ko ya yi gajere, gobe su dawo su ce a ba su irin ta jiya. Waɗanda ba sa ciniki su ne masu sayen randar sabil, wadda ake kafawa a bakin hanya don mai wucewa ya sha, ladan ya je wa mamaci. Su da murya ƙasa-ƙasa suke zuwa. A gare su Goggo ba ta taɓa fitar da randar da ita kanta ba za ta sha a ciki ba.

Yanzu sai in kawo muku wanda ba na faɗin sunansa. Ɗana na fari. Uban wasu daga cikinku ne, kun san shi, ba sai na nuna ba. Ku 'yan yanzu kuna ɗaukar ɗan fari a kafaɗa kuna kiran sunansa a gaban surukai, mu ba haka muka tashi ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yaba shi, ba ta yi masa faɗa baki da baki. In tana da magana sai ta aika. Ranar da aka yaye shi Goggo ta zo ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. A bayanta ya yi barci tana bugun tukwane, da ƙarar katakon nan aka yi masa reno. Shi ya sa nake ce masa Na-Goggo, gari ma ya ɗauka.

Ya girma, ya ƙetare teku neman aiki, ya daɗe a can, Allah ya buɗa masa. Goggo kuma ta tsufa. Idonta ya rufe, ƙirjinta ya riƙa kuka in ta yi tafiya kaɗan. A ranin da nake ba ku labari ta kira ni ta ce, "Ki ɗebo mini yumɓu mai kyau, amma kada ki taka mini. Zan gina sabil ɗina da hannuna tun ina numfashi. Wanda bai bar baya ba, mai ƙishirwa ne ɗansa." Na ce ai ta bar baya. Ta ce, "Wancan na teku ne yanzu."

Randa uku ta sa a gaba. Aikin da dā take gamawa kafin a ce mene ne, shi ya cinye mata ranin nan duka. Tana takawa tana riƙe da kafaɗata, ta taka kaɗan ta zauna ta yi tari. Kowace safiya in ja ta zuwa fagen shanya, filin nan mai tauri na bayan gari inda hanya ke lanƙwasa kamar gwiwar hannu kafin ta miƙe zuwa gindin gawo. Ta zauna ta lalubi aikin jiya, ta ɗora na yau. Ana saura kwana kaɗan babbar salla ta ɗora wuya na ƙarshe, muka rufe da jiƙaƙƙen buhu, muka kewaye da ƙaya saboda awaki. Ta ce bayan salla a gasa, a kafa a gindin gawo kafin ruwan farko. Daga nan ta kwanta, don aikin ya kai ta ƙasa.

Sai motoci suka zo.

Na-Goggo ya zo salla da farar mota, Bashir ɗan autan Hajiya Kulu maƙwabciyarmu ya zo da baƙa. Tare suka tafi ƙetare, tare suka dawo, kuma tun suna yara in ɗaya ya hau jaki sai ɗaya ya nemi wanda ya fi tsawo. Garin nan ya san lori, ya san a-kori-kura, ya san tarakta. Bai taɓa ganin irin waɗannan ba. Kowace tsayinta ya wuce kan namiji, tayarta ta kai ƙugun yaro. Kujerun fata ne, ciki sanyi kamar gindin rijiya. An ce a farar akwai wurin sanyaya ruwa a tsakanin kujeru, a baƙar kuma kujera da kanta take matsawa ta gyara wa mai ita zama. Yara suka bar wasa, suna duba haƙoransu a jikin ƙofa.

Naman salla bai gama dahuwa ba gari ya rabu biyu. Maza na zaune a gindin dalbejiyar masallaci, mu muna jiyo su ta bayan zana. Masu farar suka ce injinta ya fi girma, fetur take sha, in ta yi kuka har ƙasa na amsawa. Masu baƙar suka ce girman banza ne, tasu gas take sha kamar tarakta, ƙarfinta a tashi yake, kafin farar ta gyara murya ita ta kai. Wani tsohon direban lori ya ce, "Ku yara ba ku san mota ba. Wagga ta tashi ce, waccan ta tafiya ce. Ba a haɗa zomo da doki." Aka ce ya yi shiru, lorinsa ma tura shi ake yi. Mutanen da ko keke ba su da shi suka kusa cin kwalar juna. Da la'asar ta yi, magana ta tsaya a kan a gwada.

Gwajin farko daga dalbejiya ne zuwa injin niƙa, hanya miƙaƙƙiya, gajera. Na leƙa ta tsagar zana, ba zan ce ban leƙa ba. Suka jera hanci da hanci. Wani ya ɗaga rawani ya sake shi. Baƙar ba ta yi hayaniya ba, wani siririn fito kawai ta yi, ta ɗan duƙa ta baya ta zabura kamar an tsikare ta. Farar ta yi ruri har kaji suka watse, tayoyinta suka tono ƙasa suna watsa tsakuwa, ta ɓata lokaci tana faɗa da wuri ɗaya kafin ta kama hanya. Da ta kama kuwa sai ta riƙa cin tazarar, tana ci, tana ci, amma injin niƙa ya iso kafin ta gama cinyewa. Baƙar ta riga ta da tsawon jikinta.

Nan fa masu farar suka ce ba su yarda ba. Hanyar ta yi gajarta, farar mai dogon numfashi ce, a kai su gindin gawo a gani. Da na ji an ce gindin gawo sai na ajiye wuƙar da ke hannuna. Hanyar gawo ita ce mai gwiwa, randunan Goggo kuma suna cikin gwiwar.

Hajiya Kulu ma ta ji. Ita Bashir autanta ne, ba abin da ke tsakaninsu. Ta ja mayafi ta fita tsakiyar maza, ta kama wuyan jallabiyarsa ta tagar mota ta ce, "Kai, Auta, ka ga hanya, ka ga fagen mutane. In tayarka ta sauka daga hanya ban yafe maka nonon da ka sha ba." Maza suka fashe da dariya. Ya ce, "Haba Inna, a gaban jama'a?" Ta ce, "A gaban jama'a na haife ka? To a gabansu zan gaya maka."

Ni kuwa na kira 'yata Halima, ƙanwar Na-Goggo, na ce, "Je ki gaya wa yayanki akwai ɗanyen kaya a fage, na Goggo ne, ba su ɗaguwa." Ta tafi da gudu, ta dawo tana haki. Ta ce, "Ya ce a gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, motar tana da ido gaba da baya." Iyakar abin da al'ada ta ba ni ke nan, na aika, an amsa. Mai iya kama kunnensa tana kwance a ɗaki ba ta gani.

Aka sake sakin rawani. Kamar farko, baƙar ta fita gaba da fitonta, farar ta biyo da rurinta. Suka wuce injin niƙa, farar ta kamo wutsiyar baƙar, ta kamo ƙofar baya, har suka yi kafaɗa da kafaɗa. Sai gwiwa ta taso, hanya ta tsuke, ba ta ɗaukar biyu. Bashir ya rage gudu ya bi lanƙwasar yadda uwarsa ta ce. Farar ba ta rage ba. Ta bar hanya ta yanke ta cikin fage, ta bi ta kan ƙaya kamar ta kan ciyawa, ta fita ta ɗaya gefen a gaban baƙar. Ba a ji ƙarar fashewa ba. Ɗanyar laka ba ta ƙara.

A gindin gawo aka yi ta ihu, ana buga ƙaho, 'yan mata na guɗa. Aka daɗe ana yi kafin ƙura ta kwanta, mutane suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya suna duban fage. Buhuna uku shimfiɗe a ƙasa kamar an shanya su.

Na ɗauki babban kwano na fita, na ja mayafi har hanci. Ban bi ta bayan gida ba, don ba wata hanya sai ta gaban mazan. Suka buɗa mini na wuce. Na durƙusa ina tattara laka, ina tsince ƙaya daga ciki. Matan unguwa suka zo suka durƙusa tare da ni, ba wadda ta ce sannu, ba wadda ta dube ni. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Farar ta dawo a hankali ta tsaya. Na ga takalman Na-Goggo kawai. Na ji ya ce da Halima, "Ba komai, gobe in shiga birnin Damazin in kawo barmil, gangunan roba, manya, shuɗɗa. Su ba su fashewa."

Na kai kwanon ɗakin Goggo. Tana kwance ta juya fuska wajen ƙofa. Ta ce, "Na ji guɗa. Wa ya ci?"

Na ce, "Farar."

"Ta yarona?"

"Ita."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Dā ma ɗan Kulu bai taɓa kayar da shi ba."

Na ajiye kwanon a gefen gadonta. Ta ji nauyin saukarsa, ta miƙo hannu. Ta taɓa laka, ta murza, ta kai hanci. Ta san tata. Ta yi ta lalube har yatsunta suka faɗa kan wani ɓangare na wuya, wanda ya fi ɗanye, ya baje kamar waina. Ta bi shi da yatsa daga wannan baki zuwa wancan.

Ta ce, "Wanga zane fa? Ba hannunki ba ne."

Na ce, "Ba hannu ba ne, Goggo. Taya ce."

Yatsanta na tafiya yana dawowa. Can ta ce, "Layinsa ya miƙe. Tun ina budurwa nake zane, ban taɓa jera shi haka ba." Ta tura ɓangaren ƙarƙashin matashinta, ta ce in jiƙa sauran.

Da safe Na-Goggo ya zo gaishe ta. Na fita na ba su wuri, amma zana ba ta hana ji. Ya fara magana, ta katse shi ta ce, "An ce ka ci. Ka ci abinci kuwa?" Ya ce zai kawo barmil. Ta ce, "Kawo, in zuba dawa." Ya kawo, ta sa masa albarka, ta zuba dawa. Hutunsa ya ƙare, ya koma ƙetare.

Shekarar nan ita ce mugunyar shekarata a sana'a. Ruwa ya sauko da wuri, ya kama kayan da na shanya, ya mayar da su inda suka fito. Kashin shanun da muka tara na gashi ya jiƙe, kara ya jiƙe, ba abin da za a hura. Robar nan shuɗiya kuma ta cika kasuwa, mata suna cewa ba ta da nauyi. Ɗan abin da na gasa tun rani na kai Rusairis sau ɗaya. Ina shimfiɗawa wata ta ce da ƙawarta, "Ita ce uwar mai farar motar." Ɗayar ta ce, "Wadda aka yi tseren a kan tukwanenta?" Ta ce, "A'a, na makauniyar da ta goya shi." Ba su san ina jin Larabci ba, ko sun sani. Na tattara kayana na bar wa maƙwabciyar rumfa, ban koma ba sai da shekara ta juyo.

Amma ɗanyar laka tana da wata rahama da gasasshiya ba ta da ita: in ta rushe, ruwa na mayar da ita. Na jiƙa ta Goggo, na tace ƙaya da tsakuwa da inda baƙin mai ya ɗiga. Abin da ya rage na uku bai fi na ɗaya ba. Fage ya zama tabo, sai a ɗakinta na kafa gindin, a kusurwa, inda rufi ba ya yoyo. Ba ta iya tsayuwa, balle takawa. Nakan jawo ta bakin gado in sa mata dutsen uwarta a hannu, ta tokare ta ciki ina bugawa ta waje. Bugu kaɗan hannun ya faɗi. Ta ce, "Ya isa, an rubuta na taɓa." Iska jiƙe take, kowane hawa sai ya yi kwanaki kafin ya ɗauki na bisansa. Tana tari, randa na tashi, ina duban su biyun ban san wadda za ta riga ba.

Ranar da na ɗora wuya ta zaro ɓangaren nan daga ƙarƙashin matashi, ya bushe ya yi fari. Ta ce, "Ki sa mini wanga zane a wuya, ki kewaye."

Na ce, "Goggo, a bakin hanya za a kafa ta. Duk garin nan ya san zanen."

Ta ce, "Don a gani na ce."

Na ce, "Ki bar ni in yi miki naki, na ƙafar kaza, wanda aka san ki da shi."

Ta ce, "Ni na cuɗa, ke kin gina, shi ya taka. Mi ya rage? Duk wanda ya sha, ladan na mu uku ne. Kina so in tafi in bar yarona ba shi da kaso?"

Ban taɓa musa mata a kan aiki ba. Na fere tsinken kara, na ajiye ɓangaren a gwiwata, na riƙa kwaikwaya. Tsaga biyu su haɗu kamar kan kibiya, rami a tsakiya, tsaga biyu, rami. Tana bi da yatsa a bayana. Inda na karkace ta ce in shafe in sake, tayar yaronta ba ta karkace ba. Haka na kewaye wuyan nan da hannuna.

Ba ta kai ƙarshen damina ba. Ta rasu randar na kusurwa, ɗanya, ba ta ga wuta ba. A ɗakin aka yi zaman makoki, randar na nan, don ba a ɗaga ta. Mata suka shigo gaisuwa daga garuruwan bakin kogi, kowacce ta zauna, ta yi addu'a, idonta ya faɗa kan wuyan randar, ta sunkuyar da kai. Ni ce mai karɓar gaisuwa, a gefenta nake zaune.

Da ƙasa ta bushe na gasa ta ita kaɗai a tsakiyar rami. Na jera kashin shanu, na rufe da kara, na jira iska ta kwanta na sa wuta ta gefen da take busowa. Laka da aka jiƙa sau biyu takan yi gardama a wuta, na sa rai zan ji ta fashe. Ba ta fashe ba. Da ta huce na ƙwanƙwasa, ta amsa da murya ɗaya, doguwa. Muka ɗora ta a amalanken jaki, aka kafa ta a gindin gawo, aka ɗaura mata kofi da sarƙa. Kafin azahar ta yi gumi har ƙasan ta jiƙe. Halima ta sha ta ce haƙoranta sun amsa.

Bayan haka masu saye sun zo suna cewa a yi musu mai irin zanen sabil, wai ya yi kyau, ba su taɓa ganin irinsa ba. Baƙi ne, ba su sani ba. Nakan ce hannun da ya yi shi ya rasu.

Na-Goggo kuwa sai bayan shekaru ya dawo, da wata motar, ban tambayi launinta ba. Halima ta ce ya tsaya a gindin gawo don ya sha ruwa, ya ɗaga murfi, ya tsaya da kofi a hannu har direban bayansa ya gaji da ƙaho ya kewaye shi. A nan ya bar motar, ya shigo gari da ƙafa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya yi gaisuwa, na amsa ina duban bango kamar kullum. Sai ya ce da Halima, da ƙarfi yadda zan ji, "Wa ya yi zanen nan?" Akwai wata kaza tana tono a bakin ƙofa. Na ce da kazar, "Wadda ta goya shi ce ta ce a sa masa kasonsa." Ya daɗe a durƙushe. Daga ranar ba mu sake tayar da maganar ba, ko ta bakin Halima, ko ta bakin kaza.

To, kun tambayi wadda ta fi gudu. A tashi baƙar ce, a nisa farar ce, tsohon direban lori ya faɗi gaskiya tun farko ba a saurare shi ba. Ku kuma masu cewa wasan laka, kwandon na nan, gobe da sassafe a sauka gaɓa. In kun kai gindin gawo ku tsaya ku sha, ku yi wa Goggo addu'a, ku shafa wuyan randar, an ɗaure shi da wayar ƙarfe yanzu amma zanen na nan. Sai ku jira ni a bakin kogi. Ni tun da aka kafa ta, ba na bi ta gindin gawo, kewayawa nake yi.